Ganuwar da aka yi wa teku a Legas da yashin da ya daina zuwa

Ranar da na fara ganin teku da idona ba zan taɓa mantawa da ita ba, 1994 ne, ina ɗan shekara 13, kawuna ya ɗauko ni daga Zariya lokacin dogon hutu ya kawo ni wajensa a Obalende. Wata Lahadi bayan mun yi la'asar yace tashi muje ka ga ikon Allah. Tun kafin mu sauka daga mota na fara jin wani irin gurnani kamar ana tuƙa babban inji daga nesa, nace kawu meye wannan, yace ai shi ne, shi ne ruwan. Bar Beach kenan. Ga mutanenmu masu dawaki suna ɗaukar mutane haya, ga masu tsire da masu kwakwa, ga can gefe masu fararen riguna 'yan coci sun durƙusa suna ta addu'a da ƙararrawa a hannu, ga yashi fari tas iya ganinka. Kawu ya riƙe min wuyan hannu gam yace "kai yaro kar ka kuskura ka wuce inda ƙafata take, wannan ba rafin Kubanni na Zariya ba ne." To ni dai abin da ya tsaya min a rai ba girman ruwan ba ne, a'a, duk sanda igiya ta zo ta shafi ƙafata ta koma sai in ji yashin da nake tsaye a kai yana zamewa daga ƙarƙashin dugadugaina, kamar ana jan tabarma a hankali. Na gaya wa kawu yace haka yake, ruwan nan kullum cikin kwasa yake.

Yanzu in kaje wurin nan babu Bar Beach, babu dawaki, babu komai daga abin da na lissafa. Inda muka tsaya ni da kawu ya zama cikin gari, akwai kwalta da fitilu da dogayen benaye, tekun kuma an tura shi can baya an gina masa ganuwa. Na daɗe ina son in yi magana a kan ganuwar nan saboda da yawanmu muna zaune a Legas shekara da shekaru, muna wucewa ta gabanta a kan mashin ko a danfo, amma bamu taɓa tambayar me ya sa aka yi ta ba da kuma wa ya ci riba wa ya yi asara.

Abu na farko da sai mutum ya gane shi kafin ya gane sauran, yashin bakin teku ba a zaune yake ba, matafiyi ne. Igiyoyin da ke dukan gaɓar Afirka ta Yamma daga can kudancin tekun Atlantika suke tasowa, kuma basa zuwa a miƙe, a karkace suke zuwa daga wajen kudu maso yamma. Igiya ta hau tudu a karkace ɗauke da yashi, in zata koma kuma sai ta gangara a miƙe, ta baya ta zo ta sake ɗaukar wannan yashin ta matsa da shi gaba kaɗan, haka dare da rana ba hutu, to a haka ne yashi ke tafiya daga yamma zuwa gabas, ya baro Gana ya ratsa Togo da Benin ya shigo Legas, dubban ɗaruruwan kubik mita a kowace shekara. Abin da naji a ƙarƙashin ƙafata kenan. Muddin wanda ke shigowa daga yamma ya kai yawan wanda ke fita ta gabas, bakin ruwan yana nan daram kamar bai motsa ba, kamar dai ɗan kasuwar da cinikinsa ke rufe kashe kuɗinsa. Ranar da aka tare shigowa kuwa fita bata tsayawa, uwar kuɗi za a fara ci.

Kuma abin da ya faru da Legas kenan. A da can akwai wani tudun yashi a ƙarƙashin ruwa daidai bakin mashigar tafkin Legas, shi ne ma asalin sunan Bar Beach ɗin, manyan jirage basa iya tsallake shi sai dai su tsaya a waje a riƙa jigilar kaya da mutane da ƙananan jirage, ana yawan haɗari. Sai Turawan mulkin mallaka suka fara gina wasu dogayen katangun dutse guda biyu da suka miƙe cikin teku wajen 1908, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, aka riƙa kwaso duwatsu a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, aka yashe tsakiya. A watan Fabrairun 1914 babban jirgin wasiƙu na farko mai suna Akoko ya shigo har cikin tashar Legas. Kuma a nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye, don layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar nan da muke alfahari da dalarta da auduga da fatu da ƙiraga duk ta wannan mashigar suka riƙa fita zuwa Turai, musamman bayan an gina tashar Apapa. Wato arziƙin da kakanninmu suka gani na gyaɗa akwai hannun katangun nan a ciki, don haka ni bana ganin maganar a matsayin matsalar Yarbawa su kaɗai.

To amma katangar yamma ta tsaya wa yashi a hanya. Duk wanda ya taso daga Badagiri in ya zo nan sai ya ci birki ya taru, shi ya sa ɓangaren Lighthouse da Tarkwa Bay ƙasa ta yi ta ƙaruwa tana shiga teku, shi kuwa Bar Beach da ke bayan katangar gabas ba mai kawo masa sai mai ɗauka. Shekara da shekaru ruwa na ci har ya cinye fiye da kilomita guda na ƙasa a wurin. Daga 1958 gwamnati ta fara zubo yashi da inji don a cike abin da ya tafi, a zuba yau bayan 'yan shekaru ya tafi a sake ba da kwangila a sake zubawa. Ashe ma yashin da na taka a 1994 ba na asali ba ne, na ciko ne. Mutane da yawa suna kiran wannan aikin baban giwa, ni kuma daga baya na canza ra'ayi a kai, zan dawo kan wannan.

Duk wanda ya zauna Legas daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2005 ya san yadda abin ya kai. Titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, wanda aka sa wa sunan Sardauna, shi ne iyaka tsakanin gari da teku, in damina ta yi tsakiya wajen watan Agusta ruwa ya yi fushi sai ka ga ya tsallako titi ya shiga harabar gidaje da ofisoshi, har da gidajen saukar baƙi na gwamnatocin jihohi da ke layin, ya bar yashi da shara a kan kwalta. Har takai wani ɓangare na titin ya rufta gaba ɗaya. Na tuna mun je kallo da abokai muka ga kwalta a rataye ƙasanta babu komai, ruwa ya rarake ta kamar yadda gara ke yi wa azara. A lokacin kowa ya yarda in ba a yi wani abu ba Victoria Island ɗin ce gaba ɗaya zata tafi, da bankunanta da ofisoshin jakadancinta.

A ƙarshen mulkin Tinubu yana gwamna aka fara yin kariyar gaggawa a bakin titin, daga nan kuma aka shiga babban aikin da aka sa wa suna Eko Atlantic zamanin Fashola, kamfanin South Energyx na iyalan Chagoury ne ke da aikin. Dabarar ita ce maimakon a tsaya ana kare titi, a koma can cikin teku daidai inda gaɓar take shekara ɗari da suka wuce a kafa ganuwa, sannan a cike tsakani da yashin da jiragen yasa ke zuƙowa daga ƙasan teku, a samu sabuwar ƙasa wajen murabba'in kilomita 10 a sayar da filaye a mayar da kuɗi. A watan Fabrairun 2013 aka yi babban biki a wurin, Jonathan ya zo, Bill Clinton ma ya zo. Tsawon ganuwar da aka tsara kilomita 8.5 ne, tsayinta kuma sama da mita 8 daga saman ruwa.

Yanzu ga wurin da ya fi burge ni, yadda ake gina ta. In aka ce ganuwa mu abin da ke zuwa mana a rai badalar Kano ce ko ta Zariya, bango a tsaye sumul. To in ka yi wa teku irin wannan ka jawo wa kanka aiki, don igiya in ta daki bango mai santsi a tsaye ƙarfinta baya mutuwa, wani ya yi sama ya tsallaka, wani ya koma baya ya yi karo da mai zuwa, wani kuma ya yi ƙasa ya riƙa ƙwaƙule yashin da ke gindin bangon, a hankali a hankali har ranar da tushe zai zama a iska bangon ya kifa da fuskarsa. Yawancin katangun bakin ruwa da ke faɗuwa ba ta sama ake kayar da su ba, ta gindi ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan indararo ke cin gindin katangar ƙasa ya san abin da nake nufi.

Shi ya sa ita wannan a kwance take kamar gangaren tsauni, kuma hawa hawa ce. A ƙasa ana shimfiɗa wani irin yadi mai kauri wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa amma yashi baya wucewa, sai ƙananan duwatsu a ciki su ne cikin ganuwar, sai waɗanda suka fi su girma a kai, sai manya, kowane hawa aikinsa ya hana na ƙarƙashinsa zurarewa ta ramukan na samansa, kamar dai rariya a kan rariya. A gindi ta wajen teku a jibge wasu manyan duwatsun don maganin ƙwaƙular nan. Sannan a fuska, inda igiya ke duka, sai a jera wasu dunƙulallun kankare masu ƙahonni da ake kira akropod, kowane ɗaya tan 5, an ce wajen guda 100,000 aikin zai ci. In ka hango su daga nesa sai ka ɗauka zubar da su aka yi kawai, alhali kowanne da inji ake ɗaga shi a saka shi a gurbinsa yadda ƙahonsa zai sarƙe da na maƙwabcinsa, in ruwa ya zo ɗaga ɗaya sai ya tarar da goma ne a haɗe. Ramukan da ke tsakaninsu kuma da gangan aka bar su, igiya ta shigo da ƙarfinta ta rarrabu cikin lunguna ta yi kumfa ta mutu a nan. Wato ba a tare ruwan gaba da gaba, gajiyar da shi ake yi. A Faransa aka ƙirƙiro akropod a 1981, kafin shi akwai wani mai ƙafa huɗu da su dai Faransawan suka fito da shi a 1950, akwai kuma na Afirka ta Kudu da ake kira dolos wanda aka fara a garin East London a shekarun 1960.

Akwai wani lissafi da injiniyoyin ruwa ke amfani da shi da ya ɗaure min kai ranar da na fara jinsa. Nauyin dutsen da ake buƙata baya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsayin igiya, in tsayin igiya ya ninka sau 2 nauyin dutsen sai ya ninka sau 8, in ya ninka sau 3 kuwa sau 27 kenan. Kaga kuskuren rabin mita a ƙiyasi ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa kafin a zuba dutse ko ɗaya sai da kamfanin Royal Haskoning na ƙasar Holan ya zana, aka kai zanen wata cibiyar binciken ruwa a Denmak aka gina ƙaramin samfuri a cikin wani dogon kwatami aka riƙa turo masa igiyar inji, masu aikin suka ce an gwada shi da irin guguwar da ake sa ran sai a shekara 1,000 ake ganinta sau ɗaya ya tsaya.

Ina da wani aboki ɗan Funtuwa direban babbar mota da ya yi 'yan shekaru yana jigilar dutse daga wuraren fasa dutse na cikin ƙasar Yarbawa zuwa bakin tekun, shi ya fara sa ni sha'awar abin. Yace min wallahi malam wani dutsen guda uku kawai za a ɗora maka ka ji motar ta durƙusa, ka kwana a hanya ka zo ka juye, ka waiga ka ga ruwa ya haɗiye su ko alamarsu babu, sai ka ce anya kuwa wannan aikin zai yiwu. Yace sai bayan watanni ya fara ganin hanya tana miƙewa cikin teku yana tuƙi a kan duwatsun da shi ya kawo. Gumin 'yan arewa da yawa yana cikin ganuwar nan, direbobi da masu gadi da leburori.

Kuma gaskiya ɗaya ce, ganuwar ta yi aikinta. Tunda aka yi ta teku bai sake tsallakowa titin Ahmadu Bello yadda yake yi a da ba, ambaliyar da ake gani yanzu a Victoria Island da Lekki ta ruwan sama ce da toshewar magudanai, wannan kuma maganar wata rana ce. Duk wanda yace aikin banza ne bai ga titin nan a 2005 ba.

Abin da ke damuna shi ne ganuwa tana da ƙarshe, teku kuwa bashi da shi. Ganuwar bata dawo da yashin da ya daina zuwa daga yamma ba, igiya kuma bata fasa kwasa ba, ta zo wurin da ta saba ɗiba ta tarar da kankare, to sai ta wuce gaba da yunwarta ta ɗiba a wurin farko da ta samu yashi a buɗe. A watan Agustan 2012 cikin dare ruwa ya afka wa Kuramo, wata unguwar bukkoki da ke daf da wurin aikin ta gabas, rahotanni suka ce mutum 16 ya tafi da su, bayan nan gwamnati ta rushe abin da ya rage. In ka ƙara gaba ta wajen Lekki akwai Okun Alfa wanda aka fi sani da Alpha Beach, tsohon ƙauyen masunta ne. Na je wurin da ƙafata wata shekara, abin da na gani kututturen bishiyoyin kwakwa a cikin ruwa da tushen gine-gine a karye, wani dattijo ya nuna min can cikin kumfa yace nan hanyar mota take, can kuma maƙabartarsu. Wannan kalmar ta maƙabarta ita ce ta tsaya min, mutum ya binne iyayensa ya dawo ya tarar ba ma inda zai tsaya ya yi musu addu'a.

Mutanen wurin suna cewa tunda aka fara cike tekun nan abin ya ƙaru, su kuma masu aikin suna cewa zaizayar ta riga su, suna nuna katangun 1908 da matattun jiragen da aka yasar a bakin gaɓa da masu haƙar yashi. Ni a nawa ganin kowa na da kaso na gaskiya, don cutar ta girmi aikin, amma kuma ba yau aka san cewa duk inda aka kafa abu mai tauri a bakin teku na ƙasa da shi ne ke ɗanɗanawa ba, kowane injiniya ya san wannan tun yana makaranta. To tunda an sani, kamata ya yi tun ranar da aka zana ganuwar a zana har da kariyar maƙwabta a cikin kuɗin aikin. Ko a ƙauye in mutum ya yi wa gonarsa shinge ya karkatar da ruwa ya faɗa gonar na ƙasa da shi, gaban mai gari ake zuwa, ba a ce masa ai damina ce. Daga baya gwamnatin jihar Legas ta zo ta jera wasu yatsun dutse da ke miƙewa cikin ruwa a gaɓar Lekki don su riƙa tare yashi, sun taimaka a inda suke, amma su ma haka ne, bayan yatsa na ƙarshe sabon ciwo ke buɗewa, tsugune dai bata ƙare ba.

Ba a Legas kaɗai ba ne. Duk mai zuwa Kwatano ko Lome sari in ya lura zai ga yamma da tashar jirgin ruwa fili ne na yashi mai faɗi, gabas da ita kuwa ruwa ya ci gidaje, a Togo har tsohuwar hanyar bakin teku ya cinye sai da aka matsar da ita ciki. Tashoshin nan biyu duk a shekarun 1960 aka gina su, cuta iri ɗaya da ta Legas. A Gana kuma akwai Keta, can ƙasar Ewe gabas da bakin kogin Bolta. Kogin nan shi ne ke kawo wa gaɓar yashi, da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 sai mafi yawan yashin ya riƙa kwanciya a bayan dam, zaizayar da dama akwai ta sai ta ƙara ƙarfi, ruwa ya ci unguwanni har da wani ɓangare na tsohon sansanin Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784 lokacin cinikin bayi. An kashe sama da dala miliyan 80 aka yi wa Keta kariya aka gama a 2004, garin ya tsira, sai ƙauyukan gaba irin su Blekusu da Agavedzi da Salakope suka karɓi dukan, a Nuwamban 2021 dubban mutane ruwa ya raba da gidajensu a yankin. Maganar dam ɗin nan ma ta shafe mu, don Kainji da Jebba da Shiroro da ke ba mu wuta su ma suna riƙe laka da yashin da da can Neja ke kaiwa bakin teku. Mutum yana Yawuri ko Minna bai taɓa ganin teku ba amma akwai alaƙa tsakaninsa da mai kamun kifi a Bayelsa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya kuwa Ayetoro ne a jihar Ondo, garin ƙabilar Ilaje da aka kafa a 1947, garin da a da ake zuwa kallo saboda yadda suka haɗa kai suka yi wa kansu wuta da masana'antu da makarantar koyon sana'a. Yau teku ya cinye babban ɓangarensa, makarantu sun yi ƙaura ba sau ɗaya ba, an ba da kwangilar kariya fiye da sau ɗaya amma har yanzu garin a buɗe yake. Su ba su da filin da za a yanka a sayar da dala, to ba mai zuwa da akropod 100,000. Wannan shi ne kashin dankalin da ke cikin lamarin, teku ɗaya ne, ilimin kare shi ma ɗaya ne kuma ana da shi a ƙasar nan, an nuna a Victoria Island cewa za a iya.

Na ce zan dawo kan maganar zuba yashi. A da nima ina cikin masu cewa asarar kuɗi ne, sai da na karanta yadda mutanen Holan ke yi. Ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ke ƙasa da matakin teku, wadda ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum 1,836, suka yi shekaru suna gina madatsu da ƙofofin ƙarfe da duniya ke zuwa kallo. Amma su ɗin nan da suka fi kowa iya kankare, tun 1990 suka mayar da zuba yashi babbar hanyar riƙe gaɓarsu, duk shekara akwai kasafinsa kamar yadda ake ware kuɗin gyaran titi. A 2011 ma suka jibge kubik mita miliyan 21.5 a wuri guda kusa da birnin Hague suka bar igiya da iska su rarraba shi da kansu cikin shekaru. Wato tafiyar da yashin ke yi ba asara ba ce, abincin na gaba ne. Matsalarmu a Bar Beach ba zubawar ba ce, sai ruwa ya shigo titi ake tunawa a yi ta gaggawa sannan a manta. A Durban ta Afirka ta Kudu kuma da suke da irin matsalarmu sak, kwashe yashin da ya taru a gefe ɗaya na mashigar tasha suke yi su tura shi ɗaya gefen da famfo, su mayar da shi kan hanyarsa. Ni wannan ce dabarar da ta fi kwanta min, don ita ce ta je kan asalin ciwon, yashin Legas yana nan jibge a bayan katangar yamma fiye da shekara 100.

Sai kuma maganar da dole mu faɗa wa kanmu, haƙar yashi. Legas gini take ba dare ba rana, kowace tifa da ka gani ta ɗauko yashi daga wani wuri aka cire shi, ko ƙasan tafki ko bakin teku, kuma akwai 'yan uwanmu da yawa da ke cin abinci a harkar, masu nutso da bokiti da masu lodi da direbobi. Ba zan zagi mai neman halak ɗinsa ba, amma ramin da aka bari a ƙarƙashin ruwa sai ya cika, kuma daga gaɓar da ke kusa yake jawo cikonsa. Ga tekun kansa yana hawa, ya ƙaru da wajen santimita 20 daga 1900 zuwa yau kuma gudun na ƙaruwa, ga ƙasar Legas tana nutsewa a wasu wurare saboda ciko da yawan burtsatse. Santimita 20 kamar ba komai ba, amma ruwa in ya ƙara zurfi a gindin ganuwa igiyar da ke isowa ta fi girma, ka tuna lissafin nan na sau 8.

Kawu ya koma gida Zariya tuntuni, ƙafa ta yi nauyi, ido ma ya rage. Da na je gaishe shi da sallar da ta wuce muna zaune a zaure na nuna masa hoton wurin a waya, ya kawo ta daf da fuskarsa ya daɗe yana dubawa, ya ga benaye ya ga duwatsun nan masu ƙaho a jere, sai yace "to ina masu dawakin suka koma?" Nace kawu wasu sun matsa gaba wajen Lekki da Ajah, wasu sun bar sana'ar. Yace "su ma can ɗin ruwan zai bar su?" Nace ana dai ta zuba dutse. Ya miƙo min wayar yace in na koma in je Okun Alfa ɗin in gano masa ko dattijon nan da na ba shi labari yana nan.